Neman Sahabi a Ƙasar Masu Neman Mai

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Mutum zai kawo injin ban-ruwa gyara a rumfata ta kasuwar Jega, sai ya ture injin gefe ya gyara zama, wai in fara ba shi labari. Na faɗa a rumfa, na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa wurin wani suna a Aliero, har labarin ya fara dawo mini daga bakin wasu da ƙarin da ban sani ba. Wani ma rantsuwa ya yi wai a kan raƙumi na ratsa sahara. To ban hau raƙumi ba, saharar ma gefenta kawai na gani. Ga yadda abin ya kasance.

Sunana Mu'azu, mutumin Alelu. Mu biyu Inna ta haifa maza, ni da ƙanena Sahabi. Ni gyaran inji na koya, shi kuma haƙar rijiyar burtsatse, irin ƙananan nan da ake yi a fadama don albasa. A da shi zai haƙa, ni in ɗaura inji, kowa ya samu. Da man fetur ya yi tsadar da kowa ya sani, manomi ya daina zancen sabuwar rijiya, tunda tsohuwar ma da ƙyar yake ciyar da injinta. Ni na samu mafita, don mutane sun koma juya injinansu su riƙa aiki da tukunyar gas, aikin kuwa wurina yake zuwa. Sahabi ne ya zauna ba aiki. Ana nan wani ɗan kwangila ya zo neman masu haƙa, ya ce wani kamfani ne ke neman mai can gabashin Nijar. Da kaka Sahabi ya bi shi, ya bar matarsa Saratu da 'ya'ya biyu a wurin Inna.

Da farko yakan kira duk sa'ad da suka fito inda waya ke kamawa. Da bazara ta shigo sai muka ji shiru. Sannan wani mutumin Karaye, wanda ya taɓa aiki can ya dawo, ya zo rumfata ya nuna mini hoton bidiyo da aka turo masa: wuta tana ci, baƙin hayaƙi ya toshe sama, mutane na gudu a cikin yashi. Ya ce sansanin su Sahabi ne, kuma an ce har da ɗan Najeriya a cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Lambar ɗan kwangilar ba ta shiga. Kafin in isa Alelu labarin ya riga ni.

Mutane suka fara zuwa gaisuwa. Baffa Arzika, ƙanen marigayi mahaifinmu, ya kira ni gefe.

"Mu'azu, jama'a na ta zuwa muna korarsu. Yarinyar ga kuma ba ta san matsayinta ba, da aure take ko takaba. Abin ga ba shi tahiya haka."

Inna tana jin mu daga ɗaki. Ta ɗaga murya ta ce, "Ban ga gawatai ba, ban ga wanda yag gan ta ba. Kar wanda ya shimhiɗa man tabarma ƙohwar gida."

Ta faɗi haka da ƙarfi, amma na ga kwanon tuwonta yadda aka kai shi haka aka fito da shi. Washegari na rufe rumfa, na sa riga biyu a jaka da hoton Sahabi a aljihu, na nufi Damagaram, inda aka ce kamfanonin man suke da ofis. Ban taɓa wuce Sakkwato ba a rayuwata.

Daga Jega zuwa Sakkwato ba abin faɗi, sai dai a Aliero direba ya cusa mana buhunan albasa har ƙarƙashin ƙafa, muka tafi gwiwa a haɓa. A tashar motocin Illela na haɗu da matar da ba don ita ba da ƙila a bakin iyaka tafiyata ta ƙare. Hajiya Rabi ake ce mata, 'yar kasuwa ce mai kai atamfa Maraɗi, ƙatuwar mace mai murya kamar ta mai shela. Ta dubi jakata, ta dubi yadda nake raba ido, ta ce, "Malam, wannan ce hitarka ta hwarko ko?"

Na ce awo. Na ba ta labari a taƙaice. Ta yi addu'a, sannan ta koma kan aiki.

"Katin ɗan ƙasa?"

Na nuna.

"Katin allura hwa?"

"Wace allura, Hajiya? Lahiyata lau."

Ta yi dariya har da buga cinya. Ashe akwai wani katin rigakafi mai ruwan ɗorawa da ake nema. A bakin iyaka aka nuna mini wani ɗan ɗaki, wani ma'aikaci ya ce in naɗe hannun riga. Ni da nake sa hannu cikin inji yana aiki, ni ne na rufe ido ina salati saboda tsinken allura, Hajiya Rabi tana bakin ƙofa tana gaya wa kowa. Ita ta kai ni wurin mai canji da ta sani, ita ta gaya mini in an tambaye ni in amsa abin da aka tambaya kawai, kar in ƙara da tarihin gidanmu. Muna shiga Ƙonni wayata ta mutu murus, kamar an yanka ta.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin abin mamaki. Na zaci zan ga wata duniya, sai na ga mutane irinmu, rigunansu irin namu, maganarsu ma tamu ce, har da munka da sunka. Sai in sun zo kan kayan zamani ne muke rabuwa. Fetur a wurinsu isansi ne, man dizal gazuwal, babbar motar fasinja kuma kar. A bakin titi ga samari sun jera mai a kwalabe, ja da ɗorawa, rana na haska su. Na tambayi Hajiya daga ina yake zuwa. Ta ce, "A da daga wajenku. Yanzu kau wata rana ya bi nan, wata rana ya bi can. Inda duk yah hi tsada, can shika kwana."

Kar ɗin Maraɗi doguwa ce, kowa da kujerarsa, ba a ɗora maka kowa a cinya. Wannan kam na yaba musu. A Galmi aka tsaya sallar azahar, nan na yi wautar da ta kusa sa ni kwana a hanya. Duk mutumin yankinmu ya san sunan albasar Galmi, ni kuma ina idar da salla na hango rumbunan albasa a bayan masallaci, ƙafata ta kai ni. Na tarar da wani dattijo yana tsince ruɓaɓɓu. Na ɗauki ɗaya na matsa, na shinshina.

"Daga ina?" in ji shi.

"Jega, kusa da Aliero."

"A'aha! Ku ne masu manyan albasar nan da ruwa ya cika ma ciki."

Na ce tamu ta fi girma. Ya ce tasu ta fi daɗewa a rumbu. Muna cikin wannan sai na ji wani inji a lambun gefe yana tari, yana ɗaukewa yana dawowa. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Kafin in ankara na durƙusa na kwance kafireto da wuƙar dattijon. Shi kuma ya tsuguna yana ba ni kukan da na baro a gida: mai ya cinye ribar albasa, ɗansa yana so su sayi faifan hasken rana amma ba hali, ga lambuna kullum ƙaruwa suke, kowa da injinsa, kowane inji da bakinsa. Da na gaya masa mu da tukunyar gas muke tayar da namu, ya riƙe hannuna ya ce sai na nuna masa.

Muryar Hajiya Rabi ce ta katse mu, tun daga bakin titi. "Kai mutumen Jega! Ƙanenka kaz zo nema ko aiki?" Motar har ta hau kwalta, ita ta tsaya a ƙofa ta hana a rufe. Na zo da gudu, hannu duk baƙin mai, dattijon na biye da ni da albasa cike da hularsa. Fasinjoji suka yi ta tsiya har Madawa. Na ji kunya, amma gaskiya rabin sa'ar nan ce kaɗai tun barina gida da ban ga wutar nan a idona ba.

A Maraɗi muka kwana a tashar kamfanin motar. Suna da wani babban zaure da tabarmi da famfo, maza gefe mata gefe, ba mai ce maka tashi. Da safe na je wurin mai shayi ya miƙo mini wani dogon burodi kamar sandar makiyayi. Na gatsa na ji ya ƙi, na mayar masa na ce na jiya ne. Ya ce yanzu aka sauke shi daga gashi, haka ake yin sa. Na ce a Jega in ka sayar da wannan sai an kai ka gaban hakimi. Da na tsoma shi a shayi dai na ga ba laifi.

Nan muka rabu da Hajiya. Ta sa na haddace lambarta, ta ce takarda ɓacewa take yi. "In ka same shi ka kira ni. In ba ka same shi ba, nan ma ka kira ni, kar ka zauna da abin kai ɗai."

A motar Damagaram Allah ya haɗa ni kujera da wani siririn mutum mai furfura a gemu, Isufu, direban tankar mai ne, zai koma bakin aiki. Da na ji sana'arsa na fito da hoton Sahabi. Ya daɗe yana kallo, ya ce bai san shi ba.

"Amma wutar na ji labarinta. Motar gazuwal ce ta kama ana juye mai. Direban sanina ne, Agali sunansa, Buzu. Shi kam Allah ya yi masa rasuwa."

Na ce, "Sauran hwa?"

"An ce an kwaso wasu an kawo Damagaram. Ko su wane ne, ko suna da rai, ban sani ba. Ba zan faɗa maka abin da ban gani ba."

Daga nan har Tasawa Isufu ne ya riƙa magana, ina jin don ya ɗauke mini hankali. Ya ce shekarun da ya fara tuƙi, gari guda tanka ɗaya ke isarsa kwana da kwanaki. Yanzu kowane ƙauye da babura, da injin niƙa, da janareton masu cajin waya da masu ƙanƙara, kafin ka juye ka juya sun shanye. "Shi ya sa suke ta tonon ƙasa. Wanda aka samu bai isa ba, wani ma bututu ke ɗauke shi zuwa teku. Mu dai namu ɗauka da saukewa."

Isufu bai bar ni na nemi masauki ba, gidan yayarsa ya kai ni. Aka kawo dambu da zogale da ƙuli, na ci don kunya. Bayan la'asar samarin gidan suka ɗora 'yar ƙaramar buta a gawayi, aka ba ni shayi a kofin da bai fi babban yatsa ba, ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓe na yi godiya na miƙe. Duk suka dube ni. Isufu ya jawo rigata ya ce zagaye uku ne, wanda ya sha na fari ya tashi kamar ya ce bai yarda da masu gida ba. Na koma na zauna. A nan ne kuma aka fara yi mini dariyar harshe, don mutanen Damagaram maganarsu ta fi kusa da ta Kano. In na ce munka taho sai yara su ɓoye baki.

Da safe muka fara yawo. Kamfanonin da ke wannan aiki ba ɗaya ba ne, kowanne da farfajiyarsa a bayan gari, katanga da ƙofar ƙarfe da mai gadi. A ta farko aka ce ba su ne ba. A ta biyu aka ce mai maganar ya fita. Da rana ta take kuwa duk ofis ya rufe, wai sai an huta, ko da wa ya mutu. Na ce wa Isufu ni dai a nuna mini hanyar sansanin in tafi da kaina. Ya ce ko shi da tankarsa ba ya shiga can sai da rakiyar soja, tafiyar kwanaki ce cikin yashi.

Da yamma muna komawa, raina a ɓace, kaina a ƙasa, sai na ji usur. Ban kula ba. Aka sake busawa da ƙarfi. Na ɗaga kai na ga titi gaba ɗaya ya tsaya cak, mai babur ya sauke ƙafa, mai tallan ruwa ta tsaya da tulu a ka, ni kaɗai ke tafiya. Ashe tuta ake saukewa a barikin jandarma, kuma a ƙasar in ana wannan ba mai motsi. Na ƙame a inda nake, ƙafa ɗaya gaba. Da aka gama wani jandarma ya yafuto ni. Isufu ya yi masa bayani, ya dube ni ya ce, "Baƙo, gobe in ka ji usur ka tsaya." Na ce ko kukan tsuntsu na ji zan tsaya.

Kashegari muka koma farfajiya ta biyu. Mai maganar dai bai zo ba. Ina tsaye ina yi wa mai gadi magiya, ina cewa, "Don Allah duba hoton ga, tun kaka yat taho, ba mu san halin da shike ciki ba," sai wata mata da ta fito da kwanonin abinci a cikin kwando ta tsaya tana kallona.

"Sake faɗa," in ji ta.

Na sake.

"Akwai mai irin bakin nan naka a asibitin da nake kai abinci. Kullum sai ya ce mini miya ba albasa."

Ban san sa'ad da hoton ya faɗi daga hannuna ba. Ta ɗauka ta duba ta ce wannan yana da gemu, nata ba shi da shi, amma goshin kamar shi ne. Muka bi ta, ita a kan babur, mu a wani. Hanyar ba nisa, amma na roƙi Allah a cikinta fiye da yadda na roƙe shi a shekara.

Ƙaramin asibiti ne. A tsakar gidansa akwai bishiyar dogonyaro, a ƙarƙashinta wasu mutum uku na zaune kan benci. Na tsakiyan ya rame, hannunsa na dama naɗe da farin ƙyalle daga kafaɗa har yatsu, gefen wuyansa fata ta yi sabon ja. Ya ɗago kai.

"Yaya? Mi kaz zo yi nan?"

Na zauna a ƙasa a gabansa, na kama gwiwarsa na riƙe. Isufu yana bayana yana ta alhamdu lillahi. Abin da ya fara fitowa daga bakina faɗa ne.

"Mi naz zo yi? Gida ana shirin zaman makokinka, kana nan kana gardamar albasa! Waya ɗaya ta gagare ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Wayar ta ƙone da jakata, Yaya. Lamba ko ɗaya ban riƙe ga kai ba, ko tawa. Mai kwangilar da ke da lambarka ya bar aikin tun kahin abin. Na ba wani direba saƙo zuwa tashar Jega, ashe bai kai ba." Ya ce makonnin farko ma bai san inda kansa yake ba.

Lambar Saratu na sani. Isufu ya ba ni wayarsa. Tana ɗauka na miƙa wa Sahabi, ya yi sallama kawai, sai muka ji ƙara da faɗuwar wani abu, da gudu, da hayaniyar yara. Can sai muryar Inna. Sahabi yana ta magana, ita ba abin da take cewa sai "Awo... awo... awo." Daga baya ta ce a ba Babba. Ni ke nan, don ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba.

"Kar ka dawo man kai ɗai," in ji ta. Ta kashe.

Na kira Hajiya Rabi. Guɗar da ta rangaɗa sai da na janye wayar daga kunne.

Likita ya ce sai an ƙara kwanaki ana wanke ciwon kafin ya sallame shi. A kwanakin nan ne na ji irin aikin da ya kai shi. Ya ce su masu neman man ba haƙa suke fara yi ba. Wayoyi suke shimfiɗawa a kan yashi, tafiyar yini guda, sannan wasu manyan motoci su dafa ƙasa su girgiza ta, har ka ji a haƙoranka. Wasu na zaune cikin mota mai sanyi suna sauraron amsar da ƙasa ta bayar, da ita suke gane inda ake sa ran mai. Shi aikinsa haƙa musu ruwan sha da wasu ƙananan ramuka. Akwai 'yan Sin, akwai Larabawa, akwai Tubawa masu nuna hanya, kowa da tukunyarsa. Ya ce Agali ne ya koya masa naɗa rawani saboda yashi, tare suke cin abinci. Ranar da abin ya faru shi ne yake riƙe wa Agali tiyon juye man.

Ranar da Isufu zai koma ɗaukar kaya ya ce mu raka shi mu ga matatar mai daga nesa, tana arewa da gari. Muka tsaya a bakin hanya. Tankoki sun yi layi har inda ido ya ƙare, a can sama kuma kan wani dogon bututu wuta na ci da rana tsaka, ba mai dafa komai a kanta. Isufu ya ce haka take dare da rana. Na tuna yadda manoman Alelu ke girgiza tukunyar gas su ji ko saura kaɗan. Sahabi ya juya mata baya, ya ce rana ta dame shi.

A hanyar dawowa ya ce mini in hannun ya warke zai so ya koma.

"Ka haukace?"

"Yaya, injunan da kake gyara mi suka sha? Wani dai za shi tono shi. Kuma na ji suna cewa irin ƙasar ga ta bi har wajenmu. In wata rana sunka zo Kabi, gara a iske namu sun iya."

Na ce wannan shari'ar ba tawa ba ce, ya kai ta gaban Inna da Saratu. Har yau bai kai ba, ni kuma ban tuna masa ba.

Komowa ta fi zuwa sauƙi. A bakin iyaka na fito da katin allurata tun ba a tambaya ba. Da muka sauka Jega 'yan tasha suka yanyame mu, wani ya taɓa Sahabi ya ja da baya, wai ya tabbatar. A Alelu ba zan iya faɗin yadda aka yi ba, don ni kaina ban gani sosai ba. Na dai ga Inna ta zaunar da shi ta bi yatsun hannun nan ɗaya bayan ɗaya, ta tarar duk suna nan. Na ga Baffa Arzika ya rungume shi yana cewa a yafe masa. Da dare Inna ta cinye tuwonta ta nemi ƙari.

Bayan kwana biyu muna zaune a ƙofar gida da hantsi, ni da Sahabi da Baffa da maƙwabta, sai ga babur ya sauke wani tsoho da sanda da goran nono. Malam Bello ne, Bafulatani abokin mahaifinmu daga Sarandosa. Yana can daji da shanu labarin farko ya same shi, na biyun bai kai gare shi ba. Idonsa ya yi rauni, rabonsa da Sahabi kuwa tun yana yaro. Ya yi sallama ya zauna, kuma a cikin duk mutanen wurin ba wanda ya fuskanta sai Sahabi.

"Ashe haka Allah ya yi. Sahabi ya riga mu. Yaron kirki, an ce shi ya haƙa ma ɗiyana rijiya. Allah ya jiƙanai, ya ba ku haƙuri."

Wani ya fara dariya ya danne. Sahabi ya matsa kusa ya kama hannunsa da na hagu.

"Baffa Bello, ni ne Sahabin."

Tsohon ya janye hannu, ya sake miƙawa, ya shafa fuskarsa, ya shafa ƙyallen. Sai da aka ba shi labari tun daga farko, yana ta girgiza kai, hawaye na bin gemunsa, yana dariya. Sannan ya ce, "To ni tun daga Sarandosa nike karatu bisa babur, duk na ba ka. Yanzu wa za ni ba? Ba a maida addu'a gida."

Sahabi ya ce, "Akwai mai ita, Baffa. Agali sunanai. Ba shi da kowa nan."

Malam Bello ya ajiye sandarsa ya ɗaga hannu. Muka ɗaga tare da shi, har matan da ke leƙe daga zaure, muka yi wa Buzun da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu sai mutum ɗaya fatiha a ƙofar gidanmu.